Rubutun Bayan Mota da Inuwar Gilashi

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin da ka saba ba ni, gama yau ina da magana a kan wani abu wanda kowa ke gani kullum, amma ba mai ɗaukarsa a bakin kome. Watau 'yan takardun nan masu gam da ake liƙawa a jikin mota da babur da ƙofar kanti, waɗanda ake kira sitika, da kuma inuwar da gilashi ke mayarwa in mutum ya tsaya gabansa. Na ɗan jima ina ɗaukar hotunansu da wayata tsakanin Ƙaraye da Rogo da birnin Kano, har wasu abokaina suna yi mini dariya, wai tsufa ya fara taɓa ni. To, bari in faɗi dalilina, sa'an nan mai dariya ya ci gaba da dariyarsa in ya ga dama.

Wanda duk ke son ya san abin da ke cikin zuciyar talaka, kada ya tare shi da tambaya, don in ka tambaye shi sai ya gaya maka abin da yake tsammani kana son ji. Ka tafi tasha ranar kasuwa, ka bi bayan motoci kana karantawa. Nan za ka ga gingimari ta ɗauko masara ko rake daga ƙasar Rogo, an rubuta mata a goshi, “Hassada ga mai rabo taki.” Kusa da ita ga akori-kura, duk ta tsufa, ƙofarta an ɗaure da igiya, amma ga “Mahaƙurci mawadaci” a bayanta da babban baƙi. Wani ya liƙa hoton shehinsa a gilashin gaba, wani tambarin ƙungiyar ƙwallonsa, wani jar hula, wani tsintsiya. Ba wanda ya tilasta wa direban nan, ba wanda ya biya shi. Da kuɗinsa ya saya, da hannunsa ya liƙa, a kan abin da ya fi kome daraja cikin dukiyarsa, ko cikin dukiyar maigidansa. In ka ga “Hassada ga mai rabo taki” a jikin sabuwar mota, to, ka sani akwai wani ɗan'uwa ko maƙwabci da ake yi wa habaici, shi ma kuwa ya san da shi ake. Wannan wasiƙa ce wadda ba ta bukatar kan sarki, kullum tana wucewa ta ƙofar gidan wanda aka aika wa.

Abin da ya sa na damu shi ne, wannan rubutu ba ya daɗewa. Ranar bazara ta ƙone shi, ƙurar hunturu ta dusashe shi, ruwan damina ya ɓanɓare shi, in kuwa ya tsira daga waɗannan duka, sai a sayar da motar, sabon mai ita ya kai ta wurin mai fenti. Ku dattawa ’yan’uwana, ku tuna abubuwan da idanunmu suka gani a jikin motoci, yau kuwa ko da kuɗi ba a samunsu. Ina mabuɗin PRP, wanda ya cika garuruwan nan cikin 1979, da gida da masara na NPN? Ina hotunan Malam Aminu Kano da aka riƙa liƙawa bayan rasuwarsa cikin 1983? Akwai lokacin da ’yan wasan Indiya suka mamaye gilasan tasi da bas, har wani Bature mai bincike, Brian Larkin, wanda ya zauna Kano cikin shekarun 1990, ya sa wannan cikin rubuce-rubucensa. Cikin 1991, lokacin yaƙin Iraƙi, Saddam Husaini ne ya hau bayan motoci, cikin 2001 kuma Usama bin Ladan. Ba ina yabon kowa cikinsu ba ne. Ina cewa ne dai haka aka yi, jikokinmu kuwa in an gaya musu za su nemi shaida. Daga baya aka yi lema, aka yi masara, aka yi alƙalami, aka yi tsintsiya, cikin 2023 aka yi kwandon kayan marmari. Masu ƙwallo su ma sun yi nasu zamani, musamman da Kano Pillars ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, sai ka ga “Sai Masu Gida” ko a jikin amalanke.

Waɗanda ba su cika gushewa ba su ne hotunan shehunai. Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya rasu tun 1975, Shehu Nasiru Kabara tun 1996, amma har yanzu in ka duba gilasai goma a tasha da wuya ka rasa ɗayansu. Ɗan siyasa shekara huɗu ce tasa a jikin mota, wani lokaci ma ba ta cika ba.

Ko keken nan mai ƙafa uku da muke kira Adaidaita Sahu, sunansa kansa ragowar rubutu ne. A Daidaita Sahu sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo kekunan cikin 2005 don ɗaukar mata, sunan shirin yana rubuce a jikinsu. Shiri ya wuce, suna ya zauna. Sa'ad da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja cikin birni a farkon 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, sai kekunan suka yawaita, kowane kuwa bayansa ya zama allo. A can ne yanzu samari ke zuba azanci da zambo da kirari, wani har ya ba ka dariya kana cikin fushin cunkoson Kabuga. Yaro ɗan shekara ashirin yau, in ka tambaye shi me ya sa ake ce wa keke Adaidaita Sahu, sai ya tsaya yana dubanka.

Mu zo gida. Mu mutanen Ƙaraye da Rogo mun ga abin da ya isa a rubuta littafi a kansa cikin shekara biyar kacal. Cikin watan Mayu 2019 gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta kafa sababbin masarautu huɗu masu daraja ta ɗaya, watau Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. Cikin Mayu 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke wannan doka. Cikin Yuli na wannan shekarar kuma aka yi wata doka, aka kafa masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu, ƙasarta Ƙaraye da Rogo. Dokokin nan suna nan a ajiye, ranakunsu ba za su ɓace ba, akawun majalisa ya rubuta. Ni ba hukunci na zo yankewa a kansu ba, wannan ya fi ƙarfin alƙalamina. Amma yadda mutanen gari suka karɓi kowane sauyi, wane ofis ne ya rubuta? Yana jikin bango da tankin babur. An buga fastoci na murna, an buga kalanda, an liƙa sitika, daga baya wasu suka ɓanɓare, wasu suka liƙa wata a kai, wasu kuwa suka bar tasu da gangan har rana ta cinye ta. Akwai wata ƙofar shago da na ɗauka, inda takardu suka hau kan juna har hawa huɗu, gefen kowace yana leƙowa daga ƙarƙashin ta samanta kamar ɓawon albasa. Mai shagon ya ce shi bai taɓa liƙa ko ɗaya ba, da dare ake zuwa. Bayan wata biyu na koma, na tarar an yi wa ƙofar shuɗin fenti.

Yanzu sai maganar gilashi, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa, ita ce kuma ta fi wuyar sha'ani.

In ka je ɗaukar sitika a jikin gilashin mota ko tagar kemis, ba ita kaɗai za ka samu ba. Sai ka duba hoton ka ga abu uku sun haɗu wuri ɗaya. Ga takardar da aka liƙa, ga abin da ke bayan gilashin, kwalaben magani ko kujerun mota, ga kuma abin da ke bayanka kai mai ɗauka, watau titi da rumfuna da masu wucewa, har da kai kanka riƙe da waya. Dalilin wannan ba asiri ba ne. Gilashi ba ya barin haske duka ya ratsa shi. Kowace fuskarsa tana mayar da kamar kashi 4 cikin 100, fuska biyu ke nan wajen kashi 8. Wannan kaɗan ne, amma in waje rana ta take, cikin shago kuwa da duhu, sai ɗan abin da aka mayar ya rinjayi abin da ke fitowa daga ciki, gilashi ya zama madubi. Da dare in an kunna fitila ciki sai al'amari ya juye, na waje ya ga na ciki sarai, na ciki ya ga fuskarsa kaɗai. Masu gidajen da suka sa baƙin gilashi a tagoginsu, suna tsammani sun yi sutura, ya kamata su lura da wannan in magariba ta yi.

Ilmin nan ba baƙo ba ne gare mu. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, shi ya rubuta Kitabul Manaziri, ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne don haske ya shiga ido, ba don wani abu ya fita daga ido ba. Ya yi bayanin madubai, ya kuma gwada yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya faɗa a bango. Kyamarar da ke cikin aljihun kowane yaro yau jikar wannan ɗaki ce. Wanda kuma ke son ya ga babban madubi, ya tafi madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama cikin 1992, ya tsaya bakin ruwa da sassafe kafin iska ta tashi, zai ga masunci da kwalekwalensa sun zama biyu, ɗaya a sama ɗaya a kife.

Na san wasu malamaina za su ce, to, ina hukuncin hoto? Ni ba mai fatawa ba ne, ɗalibi ne. Abin da na karanta wurin malamanmu na Malikiyya shi ne, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, cikakkiya, mai jiki wadda ke da inuwa, kamar gunki, ta kan takarda kuwa hukuncinta bai kai nan ba. Mutum-mutumin da teloli da masu kantin tufafi ke sa wa kaya, wanda Hukumar Hisba ta Kano ta hana cikin 2021, irin na farkon ne. Game da hoton kyamara, Shaihu Muhammad Bakhit, wanda ya yi Muftin Masar ya rasu cikin 1935, ya rubuta risala yana cewa wannan tsare inuwa ne kurum, kamar abin da ke bayyana a madubi, sai dai an hana shi gushewa. Akwai malaman da ba su yarda da shi ba, suna kuwa da hujjojinsu, kowa ya bi malaminsa. Amma ni maganar tsare inuwar nan ta zauna mini, don in ina ɗaukar gilashin mota, inuwa ce nake tsarewa a kan inuwa.

Tun da na ambaci malamai, bari in kai musu wata ƙara. Ana buga Ayatul Kursiyyu da sunayen Allah a kan sitika, a liƙa a bayan mota inda taɓo ke fantsama, in gam ya saki kuma ta faɗi cikin kwata. Mai liƙawa da kyakkyawar niyya ya yi, tsari yake nema. Da limamai za su riƙa tunasarwa a ajiye irin waɗannan cikin mota, sama da kai, in sun tsufa a ɓanɓare a ƙone da ladabi, da an yi aikin lada. Wannan ratse ne, mu koma kan hanya.

Wahalar gilashi ita ce, yana kamo wanda bai san ana ɗaukarsa ba. Kai ka nufi sitika, shi kuwa gilashi ba ruwansa da niyyarka. Sai ka tarar a kusurwar hoto ga matar aure ta fito asibiti, ko ga dattijo yana ƙirga ’yan canjinsa gaban mai magani bai kai ba, ko ga yarinya mai talla. Na san wani saurayi da ya ɗauki hoton sabon shagon abokinsa ya sa a Facebook don taya murna, ashe cikin gilashin ƙofa ana ganin wani magidanci zaune wurin da ya ce wa iyalinsa ba ya zuwa. Kwana uku ba a yi ba gari ya ɗauka. Saurayin bai yi ƙarya ba, bai kuma yi nufin sharri ba, amma gidan nan bai sake zama daidai ba har aka yi wata da watanni. Saboda haka ni dokata ita ce, kowane hoto sai na buɗa shi na duba kusurwa-kusurwa kafin wani ya gani. In fuskar wani ta fito yadda za a gane shi, ko in share, ko in ajiye ba mai gani. Direba kuwa sai na yi masa sallama na nemi izini. Yawancinsu murna suke yi, har wani ya ce, “Baba, tsaya in goge mata ƙura tukuna.” Wanda ya ƙi, na ba shi gaskiya, gama zamanin nan mutum ya ga baƙo yana ɗaukar lambar motarsa dole gabansa ya faɗi. Kusa da ofishin ’yan sanda, ko shingen sojoji, ko banki, waya ta zauna cikin aljihu.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan takardar da ba ta kai kuɗin goro ba? To, ku ji labarin wani mutumin Faransa, Eugène Atget. Wajen shekara talatin ya yi yana yawo cikin Paris da tsohuwar kyamara mai ƙafa uku, yana ɗaukar lunguna da ƙofofi da allunan shaguna, da tagogin kantuna inda tufafin sayarwa suka gauraya da inuwar itatuwa da gine-ginen ƙetaren titi. Bai yi suna ba, bai yi arziki ba, ya rasu cikin 1927. Wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Berenice Abbott, ta sayi da yawa daga abin da ya bari ta adana, har cikin 1968 wani babban gidan ajiye kayan fasaha a Amurka ya karɓe su. Yau wanda ke son ya ga yadda unguwannin talakawan Paris suke kafin a rushe su, wurinsa yake zuwa. Ba sai mun je Turai ba ma. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, kwabo ɗaya ake sayenta, in an karanta a ƙunshe ƙosai da ita. Yanzu masu digiri ke tafiya Kaduna suna neman tsofaffin kofenta, suna juya shafi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

Wayoyi sun cika hannun ’ya’yanmu, amma in ka karɓi ɗaya ka duba, fuskar mai ita ce ɗari biyu, sai ta abokinsa hamsin. Ba laifi, ƙuruciya ce. Roƙona ga malaman makaranta na Ƙaraye da Rogo da Zarewa da sauran garuruwanmu shi ne, ku juya musu kyamarar ta dubi waje. Aikin ba wuya. A fita da hantsi ko bayan la'asar, sa'ad da rana ta karkata, don tsakar rana haske yana kashe launi. A goge idon waya da gefen riga, a kashe fitilarta, gama in ta haska gilashi ba abin da za a samu sai farin tabo. In sitika kaɗai ake so, a matsa kusa ƙwarai har waya ta kusa taɓa gilashi, inuwa za ta ragu. In ana son titi ya shigo, a ja da baya a tsaya a karkace. Kowane abu a ɗauke shi sau biyu, ɗaya kusa don a iya karanta rubutun, ɗaya daga nesa don a san inda yake. In an ga rubutu ya fito a juye cikin hoto, kada a ce waya ta lalace, allon shagon da ke bayanka ne gilashi ya mayar, haka madubi ke yi.

Abin da ya fi duka, a sami littafi a rubuta rana da wata da shekara da sunan wuri, da abin da mai motar ya ce in an tambaye shi dalilin rubutunsa. Waya tana ajiye ranar da aka ɗauki hoto a cikin hoton, amma in an tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, wannan bayani yana zubewa a hanya, sai hoto ya isa ba uwa ba uba. Waya kuma tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa. Don haka waɗanda suka fi kyau a kai su a wanke a kan takarda, ko ashirin ne a shekara, a rubuta bayani a bayansu, a sa cikin kabad ɗin hedimasta. In sun taru, akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, akwai Mambayya gidan Malam Aminu, akwai Gidan Arewa a Kaduna, duk wuraren ajiye tarihi ne, sai a kai musu a gani ko za su karɓa.

Ni nawa sun fara yawa, amma duk na ’yan shekarun nan ne. Abin da nake nema ido rufe shi ne na dā. In akwai mai karatu wanda a gidansu akwai tsohuwar akwatin ƙarfe, ko ƙofar langa-langa, ko mataccen babur a zaure, wanda har yanzu mabuɗin PRP ko gida da masara ke manne a jikinsa, don Allah kada ya kankare, kada kuma ya bari ’yan gwangwan su ɗauke. Ya aiko wa Edita da sunan garinsu, ni zan biya kuɗin motata in zo in ɗauka.

Haza wasalam.

Naku,
Mai Karatun Bayan Mota, Ƙaraye.